Ƙarfen da Baba Ya Binne a Dajin Brimeval

Brimeval, 28 ga Oktoba, 1984

Zuwa ga yayata Ghislaine,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Réal da yara da jikoki. Allah ya ƙara miki sauƙin gwiwar nan, ya sa sanyin Rimouski na bana ya zo muku da dama. Mu nan lafiya lau muke. Matata Josiane ta rage ƙiba, likita ya yaba mata, ni kuma ya harare ni. 'Yata Maryse ta sauka lafiya a watan jiya, an samu mace, goshinta irin na Mama sak. Aiki kuwa sai godiya. Na ƙaro babbar mota ta huɗu, ma'aikatana sun kai goma sha tara, kuma ni aka ba ginin sabon ɗakin cin abinci na makarantar garin nan, makarantar da shugabanta ya taɓa ce mini kaina bai dace da littafi ba. Goggo Aurélie ta cika casa'in da ɗaya, har yanzu tana gyara wa limamin coci karatu daga kujerar gaba.

Yaya, ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba, domin maganar Baba ce na kawo miki, kuma wannan karon mai daɗi ce.

Kin san wurin Jamusawa da ke cikin daji bayan gonar su Hocquet, inda suke harbo bama-baman nan masu fukafukai da ƙara kamar tsohon babur. Shekara talatin da uku ba ki gan shi ba, amma bai canza ba. Bangayen nan biyu suna nan a karkace suna kallon Landan, ƙaya ta rufe su. Ɗakin nan mai faɗin ƙofa da jiragen Ingila suka rushe, daɓensa kaɗai ya rage. To bana majalisar gari ta yanke a fasa daɓen a shimfiɗa tsakuwa, don manyan motocin da ke ɗaukar dankali su samu wurin juyawa. Aka ba ni aikin, don in ba ni ba wa ke da injin da zai iya a duk yankin nan? Ban ɓoye miki ba, da murna na karɓa. Na so in niƙe wurin nan ya zama gari. Ke kin fi ni sanin dalili. Kina da shekara goma sha huɗu, ni bakwai, lokacin da aka tilasta wa mazan gari aiki a can, Baba kuwa ya kai kansa da ƙafarsa, har ya zama shugaban masu zuba kankare. Kin tuna baron da yake turawa gida-gida a sanyin shekarar arba'in da uku yana karɓar tsoffin ƙarafa, mutane suna cewa Jamusawa yake tara wa su yi harsashi. Daga nan sunan ya manne masa, Ovide mai baron Jamus. Bayan yaƙi ba mai ba shi ko gyaran katanga, ana tofar da yawu in ya wuce, iyayen Clovis suka janye maganar aurenku, kika bar ƙasar. Shi kuma bai taɓa buɗe baki ya kare kansa ba har ya koma ga Allah. Mutum bakwai ne a wurin binne shi, na ƙirga su. Duk abin da na gina a rayuwata, na gina shi ne don a daina kirana ɗan mai baro, kuma ko da motocina huɗu, in na juya baya ana faɗa.

Ranar Litinin da muka kai injin, sai ga Malama Solange Pruvot a kan kekenta. Ba ki san ta ba, bayan tafiyarki ta zo koyarwa, yanzu ta yi ritaya ta koma bin tarihin wuraren nan da littafin rubutu da igiyar awo. Ta roƙe ni kada in fasa, na ce takardar majalisa ce a hannuna. Da ta ga ba zan saurare ta ba, sai ta ce to aƙalla in san abin da nake fasawa. Ta ce a ɗakin nan ake rataye bam ɗin kafin a harba, a saita masa kamfas ɗin da zai nuna masa hanya, shi ya sa Jamusawa suka hana ko ƙusa ɗaya ta ƙarfe shiga gininsa, don ƙarfe yana jan allurar kamfas ya karkatar da ita. Har gudumar da suke aiki da ita a ciki ta katako ce. Ta ƙare da cewa, aikinka zai yi sauƙi, Norbert, ko rodi ɗaya babu a ciki, kamar cuku za ka yanka shi. Na ce, Malama, ke dai ki riƙe littafinki, ni in riƙe injina.

Ɓangaren yamma kuwa kamar yadda ta faɗa, tsantsar kankare, injin yana shiga ba gardama. Da Amílcar, tsohon maginina, ya koma kusurwar gabas, sai muka ji wani ƙara, bakin injin ya karye. Ya sa wani, shi ma ya karye. Ya zagi injin da yaren Fotugal, ya ce, Maigida, malamar nan ta yi mana ƙarya, akwai ƙarfe a nan. Na sauka da cizal da guduma na buɗe wurin da hannuna. Abin da ya fara fitowa takalmin doki ne. Ƙarƙashinsa bakin garma. Na ci gaba da sassaƙa, sai ga su a jere, an kwantar da su ɗaya kusa da ɗaya a layi, zurfin tafin hannu daga sama, an ɗaure kowane da na kusa da shi da waya don kada su motsa in an zuba kankare. Yaya, wayar ce ta zaunar da ni a ƙasa. Kowane magini zuwa dama yake murɗa wayarsa. Wannan hagu aka murɗa ta, sau uku, aka lanƙwasa bakin ciki don kada ya soki hannun wani. Baba bahago ne, kuma wannan ɗaurin shi ya koya mini yana ƙwanƙwasa mini yatsu da cokalin gini. Ko a cikin dubu zan gane shi. Na ce wa Amílcar ya kashe injin, kada wanda ya sake taɓa daɓen nan.

Na aika aka kira Malama Solange. Ta zo da kamfas ɗinta, ta tsaya a bakin daji, allura ta nuna arewa. Ta tako zuwa tsakiyar daɓen, daidai inda ake rataye bam ɗin, sai allurar ta karkata gabas a gaban idona. Ta fita, ta dawo, ta fita, ta dawo, har sau biyar, tana dariya hawaye na zuba. Ta ce mini karkatar da ba ta fi faɗin farce ba a nan, in bam ya haye teku ta zama kilomita da yawa, wanda aka nufa da tsakiyar birni sai ya faɗa gona ko ruwa. Na tambaye ta mutum nawa ke nan suka tsira. Ta ce ba wanda zai iya sani, kuma kada in ƙirƙiri lamba. To ban ƙirƙira ba. Amma na san abin da baron nan yake ɗauka, na kuma san inda ya kai shi.

Kada ki ɗauka gari ya tashi da tafi. Magajin gari, Aimé Dercourt, abin da ya fara tambaya shi ne ina motocin dankali za su juya. Da yamma kuma na shiga shagon gahawa na bakin coci, na tarar Fulbert Hocquet ya tara mutane. Kin san Fulbert, ya tsufa amma bakin yana nan. Yana ganina ya ɗaga murya ya ce, ga ɗan mai baro ya tono abin da ya gada. Wai Baba satar siminti yake yi yana sayarwa, yana cike gurbin da tarkace, ashe bayan cin amana har da sata. Aka yi dariya. Jinina ya hau, amma na tuna ƙanwarsa Irène, wadda ɗaya daga cikin bama-baman nan ya faɗo wa a garken shanunsu minti ɗaya bayan an harba shi, tana tatsa, a watan Yuli na arba'in da huɗu. Mutumin da ya ɗauki gawar ƙanwarsa ba a ɗaga masa hannu. Sai na amsa masa da sana'ata. Na ce, Fulbert, kai manomi ne, bari magini ya koya maka. Mai satar siminti da duwatsu yake cike gurbi, ga su nan zube a daji, ba ya yawo gida-gida kowa na kallonsa. Kuma ba ya jera satarsa a layi a kusurwa ɗaya ya ɗaure ta da waya. Ya ce surutu ne, magini dama da baki yake gini. Na juya wurin magajin gari na ce motoci su zo su juya a filin ajiye kayana, na buɗe musu ƙofa har a gama kwasar dankali, ni dai a ba ni zuwa Lahadi. Na kuma ce duk wanda ya taɓa kiran ubana da sunan nan, ina jiransa a daji bayan an fito coci, in ya isa.

Kwana biyar muka yi a durƙushe ni da Amílcar, ba inji, cizal da buroshi kawai. Rabin layin muka tono, rabin muka bari a inda Baba ya sa shi don kowa ya ga yadda yake kwance. Abin da muka fitar muka wanke muka jera a kan katakai kamar ranar kasuwa. Kankare ya adana su, tsatsa ba ta ci ba, kamar jiya aka binne.

Ranar Lahadi, Yaya, ban taɓa ganin Brimeval ta fito haka ba ko a bikin girbi. Wasu don gulma suka zo, na sani. Da farko tsaye suka yi nesa, hannu a aljihu. Goggo Aurélie ce ta fasa shirun. Ta dogara sandarta ta bi katakan, ta tsaya, ta ɗaga wani kaskon suya ta ƙwala ihu, ta ce, ɗan banza Ovide, ce mini ya yi zai gyara mini mariƙinsa, shekara arba'in ina jira! Daji ya ɗauki dariya, sai kowa ya matso. Ɗan maƙerin gari ya gane tambarin ubansa a kan takalman dawaki. Su Vasseur suka gane ruwan gatarin kakansu. Wata ta gane duwatsun sikelin shagon uwarta. Limamin coci, wanda ba a haife shi ba lokacin, aka nuna masa harshen ƙaramar ƙararrawar cocin da aka daɗe ana cewa Jamusawa sun sace, ya riƙe shi yana jujjuyawa, Goggo ta ce masa ya yi wa ɓarawon addu'a, don ya fi shi aikin Allah. Malama Solange tana tsakiyar daɓe, mutane suna layi suna karɓar kamfas suna gwadawa da kansu. Tsofaffin da suka tofa wa Baba yawu na ga sun cire hula. Na tsaya da sabuwar rigata na harɗe hannu, na bar ƙarfen ya yi magana.

Fulbert shi ne na ƙarshe. Ya bi katakan yana taɓe baki, har ya iso kan duwatsun guga guda biyu, masu kyau, ba ko tsaga, an zana harufa biyu a jikin kowane. Ya tsaya. Ya ɗauki ɗaya ya juya shi. Na mahaifiyarsa Berthe ne, kayan aurenta. Muryarsa ta sauka har sai da na matsa kafin in ji. Ya ce waɗannan ba tarkace ba ne, a kabad take kulle su, makullin a wuyanta, ba mai ɗaukarsu sai in ita ta miƙa da hannunta. Ya ce ta gaya musu sun ɓace, ta yi shekaru tana aron na maƙwabta. Sai ya dube ni ya ce, ranar da aka binne ubanka ta sa baƙaƙen kaya ta tafi, na yi wata guda ban yi mata magana ba. Haka ne kuwa, Yaya, Berthe tana cikin bakwai ɗin nan, a baya ta tsaya, ni ban taɓa gane dalili ba.

A nan na fahimci shirun Baba. Berthe ta san abin da yake yi, ta ba shi ƙarfenta mafi kyau, bayan wata bakwai bam ya kauce ya kashe 'yarta. Da Baba ya fito bayan yaƙi ya ce ni na karkatar da su, da an ɗaga shi sama, amma da gari ya ce ƙarfen Berthe ne ya kashe Irène, kuma da Fulbert ya ji. Sai ya zaɓi ya ɗauki sunan mai baro ya bar mata ɗanta. Fulbert ma ya gane, don nan take ya tambayi Malama Solange a gaban kowa ko dutsen gugar nan ne ya kashe ƙanwarsa. Ta ce a'a, kuma ba don ta lallashe shi ba. Ta ce wanda ya faɗo daga tashi injinsa ne ya mutu, haka ya riƙa faruwa a duk wuraren harbi har waɗanda ba a binne komai ba, kamfas kuwa hanya kawai yake nunawa, ba ya kayar da bam a bayan gida. Fulbert ya zauna a kan katako ya rufe fuska da hula. Abin da ke cina kawai, Baba da Berthe sun tafi ba wanda ya gaya musu haka.

Ranar Alhamis majalisa ta zauna, ɗakin ya cika har waje. An soke fasa daɓen ba gardama. Sai Aimé, da son faranta wa kowa irin nasa, ya kawo shawarar a kafa allo a rubuta cewa mutanen Brimeval ne suka yi wa abokan gaba wannan dabara. Na buɗe baki zan yi magana, sai Fulbert ya riga ni. Ya miƙe ya buga sanda a ƙasa ya ce, mutanen Brimeval yawu suka tofa, ni ne a kan gaba, kada a yi mana ado da aikin wani, a rubuta sunan mutumin. Aimé ya ce to a ɗaga hannu. Yaya, ba hannu ɗaya da ya rage a ƙasa. Za a rubuta Ovide Caudron, magini, da shekarunsa, a ƙasa kuma Berthe Hocquet, wannan ni na nema. Ni zan yi wa daɓen rumfa, ni zan kafa allon, kuma ba zan bar wani ya taɓa ko bulo ɗaya ba. Washegari Fulbert ya zo filina da kwalbar giyar tuffa ta gonarsa. Bai ce in yafe masa ba, kin san ba zai iya ba. Ya dubi motocina, ya dubi ginin ofishina, ya ce, duk da wannan tarkacen naka, ubanka ya fi ka iya gini. Na ce gaskiya ne. Shi ne mutum na farko da ya taɓa ce mini wani ya fi ni na yarda.

Za a buɗe allon ranar takwas ga Mayu, bayan an karanta sunayen matattun yaƙi a dandali. Majalisa ta ce babba a 'ya'yan Baba ne zai yaye ƙyallen, kuma babba ke ce. Kada ki kawo mini zancen gwiwa, zan zo da mota har bakin jirgi in ɗauke ki. Josiane ta fara gyara ɗakin sama. Kin taɓa rubuto mini cewa ba za ki sake taka titin cocin nan ba muddin akwai mai nuna ki da baki. Za a nuna ki, Yaya, wannan ba makawa, amma ki zo ki ji abin da za a ce. Clovis ma zai zo, ba gashi ko ɗaya a kansa, haƙora huɗu, ki zo ki ga abin da Allah ya tsare ki da shi.

Ki gaishe mini da Réal, ki ce masa gayyatar har da shi. Ki gaishe da Lucille da mijinta, da Benoît, da ƙananan duka, ki karanta musu takardar nan su san ko su jikokin wa ne. Josiane da Maryse da ɗana Thierry suna gaishe ki. Goggo Aurélie ta ce in gaya miki ta karɓe kaskonta, kuma ba za ta mutu ba sai kin zo kin ci abin da ta soya a ciki. Allah ya jiƙan Baba da Mama, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Shekara talatin ina sa hannu a takarda da sunan kamfanina kawai. Yau ga yadda zan sa.

Ƙaninki,
Norbert, ɗan Ovide Caudron magini